Gidajen aikin matalauta a Hampshire: kurkuku ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gidajen aikin da Ingila ta riƙa tara matalauta a da kurkuku ne. A takarda dai a'a. Da ƙafarka kake shiga, kuma kana iya fita, sai dai ka kwashi iyalinka gaba ɗaya.

Bari mu ɗauki gundumar Hampshire, ƙasar manoma. Tun dokar 1601 kowace unguwar coci ke karɓar haraji ta ciyar da gajiyayyunta, galibi suna zaune a gidajensu. A Nuwamban 1830 leburorin gona da wuya ta kai wa iya wuya suka yi bore, suka farfasa gidajen aiki na Selborne da Headley. Sai dokar 1834 ta zo da tsauri: mai ƙarfi a jika in yana son taimako ya shiga gidan, kuma da gangan aka sa zaman ciki ya fi na lebura a waje ƙunci. Miji gefe, mata gefe, yara gefe.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya faru a gidan aiki na garin Andover a 1845. Aikin maza a can shi ne daka ƙasusuwan dabbobi don yin taki. Yunwa ta kai su ga yin kokawa a kan ɓargo da guntun ruɓaɓɓen naman da ya maƙale a ƙashi. Shugaban gidan, Colin McDougal, tsohon soja ne, ya sauka daga muƙaminsa. Aka hana dakan ƙashi, majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike, a 1847 kuma aka rushe hukumar da ke kula da dokar, aka kafa wata.

Sai a 1930 gidajen suka koma hannun majalisun gundumomi.