An Ɗauke Wuta, Amma Ta Ja Yaron Koyo: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Ni ne shugaban sashen gyaran injuna a wata masana'anta a Kakuri, Kaduna. Mun ɗauki yara shida koyon aiki, biyu daga kasuwar masu sana'a ta Panteka. Makon jiya wuta ta ja ɗaya a cikin fanel (akwatin wayoyin lantarki), alhali an ɗauke wuta lokacin. Ya tsira, amma hankalina ya tashi. Yaya zan tsara koyon nan?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara kiyayewa. Tsarin ba wuya: yarjejeniya a rubuce da iyayen yaro, kowanne a haɗa shi da ƙwararre ɗaya, a ba shi littafin da za a riƙa sa hannu kan duk aikin da ya iya. Takardar shaidar ƙwarewar sana'a ta ƙasa, wato NSQ, a ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta NBTE take, hedikwatarsu kuma nan Kaduna. Kashi 1 cikin 100 na albashi da kuke biyan asusun horar da ma'aikata na ITF, kuna iya neman a mayar muku har rabinsa in kun yi horon da amincewarsu, sai dai ka shirya zarya.

Abin da ya kusa hallaka yaronka shi ne "an ɗauke wuta, shiga ka gyara". Kullum sai na ji wannan magana, kuma daga bakin manya. Wa zai yi maka sallama kafin a dawo da ita? Janareto mai tashi da kansa, cikin daƙiƙu ya zuba volt 415 kan wayar da yaro ke riƙe. Ko an kashe komai, kafasitoci (ma'ajiyar caji) na inbatar da ke juya motar inji suna riƙe caji na mintuna. An rubuta lokacin jira a jikin murfin, ba mai karantawa. Iskar kwamfaresa da man haidurolik ma haka suke, suna nan a matse bayan inji ya yi shiru.

Ogan da ke taɓa waya da bayan yatsa yana cewa wuta ta san shi, ko mai taƙama da laya a ƙugu, kada ka ba shi yaro ko na wuni ɗaya. 'Yar testar nan mai ƙyalli kuma ba abin dogaro ba ce.

Yaro ya kashe babban makunni da hannunsa, ya sa kwaɗonsa, mabuɗi a aljihunsa, ya rataya kati mai sunansa. Ya gwada mitar awon wuta inda ya san akwai wuta, ya gwada wayar, ya sake gwada mitar. Sai ya riƙa yin haka ba a tuna masa ba, sannan ya buɗe fanel, ogansa na tsaye a kansa. Kafin nan, jakar kayan aiki zai riƙe.