Tambayoyinku kan Fasaha: Mu huɗu ne, kwamfuta biyu, muna son yin fim ɗin katun

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne a nan Tawa, mun koyi Blender, manhajar yin katun a kwamfuta, ta intanet, muna son yin fim ɗin katun na minti goma sha biyar a kan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Kwamfutocinmu biyu ne. Mun gina Gizo, mun gina kasuwa, amma aiki ya tsaya, kowa na yin abin da ya ga dama. Ta ina za mu kama?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ku ajiye kasuwar nan tukuna, ku ɗauko takarda mu yi lissafi. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Minti biyar kaɗai hoto 7,200 ke nan. In kwamfutarku tana cin minti uku kafin ta lissafa haske da inuwa ta fitar da hoto guda, kuna bukatar awa 360, wato kwana 15 tana aiki dare da rana, ba a ɗauke wuta ba, ba a sake ko hoto ɗaya ba. Naku mai minti goma sha biyar sai ku ninka sau uku. Shawarata ku yanke shi zuwa minti uku.

Kun gina kasuwa alhali ba ku san wace rumfa kyamara za ta kalla ba, shi ya sa aiki ya cije. A fara rubuta labarin. Sannan a zana shi akwati-akwati, ko da zane ne irin na yara, a takarda ko a manhajar zane ta Krita. Ku ɗauki muryoyi tun yanzu, ko da waya, a ɗaki mai labule da katifa, ku gyara su a manhajar sauti ta Audacity. Sai ku jera zanen a kan muryoyin ya zama fim ɗin gwaji, ku nuna wa yaran gidanku. Inda hankalinsu ya tafi wani wuri, a yanke. Yankewa a wannan mataki kyauta ce. Bayan an sa wa Gizo ƙasusuwan da ake juya gaɓoɓinsa da su a kwamfuta an motsa shi, aikin sati biyu ne za a zubar.

Daga fim ɗin gwajin ne za ku san yanki nawa kuke da shi, wato ɗaukar kyamara guda kafin ta sauya. Kowane yanki a ba shi lamba, a buɗe jadawali: lamba, tsawonsa, wa ke riƙe da shi, ina aka kwana. Manyan kamfanoni suna amfani da manhaja irin Kitsu, ku dai takardar Excel ta ishe ku, ko ma allo a bango. Kuma dole mutum ɗaya ya zama mai cewa "wannan ya yi, a wuce". Jirgi ɗaya ba ya matuƙa huɗu. Fayil ma ya bi lambar yankin, kada in ga "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske".

Abin da zai ci muku lokaci shi ne tufafi. Babbar riga da zani suna da kyau a ido, amma sa yadi ya yi lilo yadda ya kamata yana gajiyar da kwamfuta da mai ita. Haka gashi, ruwa da ƙura. Ku ɗinka wa ƴan wasanku kaya masu kama jiki. Marigayi Mustafa Alasan, mai shirya fim, wanda ya zauna a garinku shekaru da dama, da kwaɗi zanannu ya yi fim ɗinsa na 1966, ba kwamfuta ko ɗaya, har yau ana nuna shi a bukukuwan fim na duniya.

Tambaya: Malam, daga Yamai nake. Na bar kwamfuta tana fitar da bidiyo, da asuba wuta ta ɗauke, komai ya lalace.

Amsa: Ƴar'uwa, kada ki ƙara fitar da shi kai tsaye a matsayin bidiyo. Ki zaɓi PNG, wato fayil ɗin hoto, kowane hoto ya faɗa jakar ajiya a kwamfuta da lambarsa. In wuta ta tafi bayan hoto na 900, ki ci gaba daga 901, daga baya ki haɗa su da sauti. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki bar aikin sai dare, ki ɗaga kwamfutar iska ta ratsa ƙarƙashinta, ki share ƙurar fankarta. Kowace Juma'a ki kwafe aikin a faifai na waje, ki ajiye shi a wani gida dabam.

Tambaya: Eevee ko Cycles?

Amsa: Dukansu hanyoyin fitar da hoto ne a cikin Blender. Eevee, in ba ka da katin hoto mai ƙarfi, wato ɓangaren kwamfuta mai lissafa hotuna. Cycles ya fi fitar da haske na gaske, amma yana cin lokaci. Fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025 da Blender aka yi shi, kuma da Eevee aka fitar da hotunansa. Ka gwada hoto guda a kowanne, ka duba agogo, ka ninka da yawan hotunanka.