Barewa ta kwanta a gindin ingiricin maigidana, in yanka?

Wani ɗan'uwa mai aiki a gandun kiwon shanu a jihar Montana ta Amurka ya aiko da tambaya. Yana kan bizar aiki. Tun da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, bareyi ke shigowa cin ingiricin shanu, ɗaya ma ta rame har ba ta iya gudu. Yana so ya sani, ya zuba mata masara, ko ya yanka ta kafin ta zama mushe ya yi kilishi ya aika gida, tunda maigidan ya ce bai damu ba.

Ɗan'uwa, mayar da wuƙarka kube. Maigidanka ba shi da ikon ba ka abin da ba nasa ba. A Amurka naman daji yana hannun jiha ne, ko da a tsakar gonar mutum yake tsaye. Hukumar kula da namun daji ta Montana, wadda ake kira FWP, ita ke ba da lasisi, kuma babban lokacin harbin barewa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa ƙarshen Nuwamba. Wanda ya kashe a wajen ƙa'ida zai sha tara, a hana shi farauta, wani lokaci har da ɗauri. In ka ƙulla naman ka fitar da shi daga jihar ko daga ƙasar, ka faɗa hannun dokar tarayya ta Lacey ta 1900, magana ta wuce ta jiha.

Abin da ya fi damuna takardunka ne. Dokar tarayya ta hana mai bizar zama na ɗan lokaci riƙe bindiga, sai in yana da lasisin farauta mai aiki ko wani uzurin da doka ta ambata. To ko maigida ya miƙo maka tasa ya ce ka harba sama su watse, ka ce masa a'a. Ranar da za ka nemi girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, ko zama ɗan ƙasa, za a tambaye ka ko an taɓa kama ka ko an gurfanar da kai. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Cinyar barewa ba ta kai ka zauna gaban jami'i kana bayani ba.

Masarar ma ka bari, duk da na san tausayi ne. A hunturu tumbin barewa ya saba da tsinke da ganyen daji, in ta cika ciki da hatsi lokaci guda sai ya yi tsami ya kashe ta. Ga shi kuma Montana ta haramta ciyar da su da gangan. Tara su wuri guda yana yaɗa cutar CWD mai lalata musu ƙwaƙwalwa, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, ta bayyana a bareyin dajin Montana a 2017. Alamarta rama da rashin tsoron mutum, wato irin abin da ka kwatanta, kuma dafuwa ko shanya ba sa kashe ta. Wannan ne za ka aika wa tsohuwa?

Ka gaya wa maigida ya kira ofishin FWP mafi kusa su zo su duba ta, ya kuma tambaye su batun shingen kewaye ingirici. Kai dai ka ɗaure karnuka, kada ka kori bareyin da mota, domin duk gudun da suka yi cikin ƙanƙara kitsen da zai kai su bazara suke ƙonawa.

In naman kake so, ka yi kwas ɗin koyon farauta, wanda ya zama dole ga duk wanda aka haifa bayan 1 ga Janairu 1985, ka sayi lasisi kafin Oktoba, ka fara nuna wa lauyan shige da fice irin bizarka. Bayan ka harbo, ka kai a gwada CWD kafin ka ɗora tukunya.