Wane cajin ya ce maka?

Ka ce wani ya ajiye mota da safe, ya ce "a duba caji" ya wuce, kai kuma ba ka san ko batir za ka ɗora a injin caji ko altaneta, wato janaretan motar, za ka kwance ba, shi ne kake tambayata. To me ya hana ka tambayi mai motar tun yana tsaye? Wayarka ce ta hana ka, na gan ka.

Wannan kalma ta Bature ba ta da gida ɗaya. Batir yana caji. Altaneta tana ba da caji. In na yanka wa mutum kuɗin aiki, ya ce na caje shi. Babba a wurin aiki shi ne incaji. Kantar 'yan sanda caji ofis ce. Ku kuma yaran yanzu in ɗayanku ya sha abin da ya sha, ido ya yi ja, sai ku ce ya yi caji. Allah Ya shirya.

Aikin kansa ba sai na koya maka ba. Ɗauki mita. Batir mai lafiya a kashe yana nuna volt 12.6. Ka tayar da inji, in allura ta hau tsakanin 13.8 da 14.4, altaneta lafiyarta lau. In ta tsaya a 12 ko ta fara sauka, ko ka kwana kana cajin batirin nan gobe turo motar za a yi.

Zauna ka ji abin da kalmar nan ta ja mini. Lokacin ana yayin Fijo 504 haɗin Kaduna, wani ɗan boko ya zo, yara na tura masa mota, shi yana tafe a baya da jakar hannu da ƙamshin turare. Ya ce batir ne ya mutu. Na auna, na ce ranka ya daɗe batir ba shi da laifi, altaneta ce ba ta bayarwa. Ya ce, "Malam, yi duk abin da ya dace." Da kuɗin aljihuna na tafi Ƙofar Ruwa na sayo wa altanetar burushi da regileta. Koyil ya ƙone, na zauna na sake naɗa shi da hannuna, waya bayan waya, aikin da a garejin nan babu mai yi sai ni. Nasa batirin kuma na ɗora masa a inji a hankali, amfiya 7, don batirin ɗan amfiya 75 ne, ba irin gaggawar da kuke yi kuna dafa batirin mutane ba.

Ranar karɓa ya zo da abokinsa. Ka lura da dabarar. Bai tsaya gaban mota ba, sai ya ja ni gaban injin caji, ya nuna batirinsa da makulli, ya ce, "Nawa ne caji?" Na ce naira 50. Ya zaro ya biya, ya ce a ba shi rasit saboda ofis. Yaron da ke wurina a lokacin, wani mai rawar kai irinka, ya rubuta: caji, naira 50, an biya.

Na ce to saura kuɗin altaneta. Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Wace altaneta kuma? Na tambaye ka cajinka, ka ce hamsin, ga shaida, ga takarda." Wai shi a Turancinsa kuɗin aikin gaba ɗaya ya tambaya. Ƙarya yake, wallahi ya san abin da ya nuna da makullin nan. Na riƙe makullin mota, shi kuma ya tafi ya dawo da ɗan sanda. Ni da aka cuta, ni aka sa bayan kanta a caji ofis, babu hula babu takalmi, har aka kira magariba. Incajin wurin ya juya rasit ɗin, ya ce takarda ta fi baki. Shugaban garejinmu ne ya zo ya yi belina. Kuɗin kaya, kuɗin naɗi, kuɗin beli, duk suka bi ruwa, kuma aka sa na ba shi haƙuri a gaban mutane. Wannan haƙurin ne har yau ban yafe ba.

Shi ya sa kake ganin rasit ɗina da layi uku, kuna dariya wai tsohon nan ya cika ƙa'ida: cajin batir daban, kayan da aka saya daban, kuɗin hannu daban. Mai mota ya sa hannu kafin sifana ta taɓa ƙarfe.

Yanzu kira mai motar nan a waya, ka sa a sifika ina ji, ya faɗi da bakinsa abin da yake so a duba. Kuma kada in sake ganin ka cire kan batir inji na aiki wai kana gwada altaneta. A 504 aka yi wannan aka zauna lafiya. Motocin yanzu ƙwaƙwalwa gare su, in ta ƙone ba ka da kuɗin biya, ni za a kama.