Ƙauyen kakanmu ya watse, ta ina zan fara neman shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Cikin takardun kakanmu marigayi munka samu wani tsohon ambulan da kan sarki mai hoton sarauniyar Ingila, an buga mai hatimin gidan waya amma rabin sunan ya goge, "TUNGAN" kawai ake iya karantawa. Iyayenmu sun ce ƙauyen da anka haife shi a ƙasar Sakkwato ya tashi tun da daɗewa, kuma wai an taɓa yin gidan waya a wurin na ɗan lokaci. Yaya zan gano inda yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi jiƙan tsoho. Da farko don Allah kar ka ɓamɓare kan sarkin nan daga jikin ambulan, kar ka goge shi da ruwa ko ka kai shi a yi mai laminatin, sa shi cikin wata takarda mai tsabta ka ɗauki hotonshi gaba da baya a hasken rana. Bayan na da muhimmanci don wasiƙa, musamman ta rajista, sau da yawa ana buga mata hatimin garuruwan da ta ratsa, in ka ga Gusau ko Sokoto ko Birnin Kebbi to ka san ɓangaren da za ka fuskanta. Hoton sarauniya kuma ya rage maka aiki, kan sarkin Najeriya mai hoton Elizabeth ya fara fita 1953, kafin nan na babanta ne, ke nan wasiƙarka ba ta wuce wannan shekara a tsufa ba.

Abin da anka ce maka gidan waya, a ƙauye irin wanga kusan kullum ba cikakken gidan waya ba ne mai ma'aikatan gwamnati, wakilci ne. Hukumar waya ta lokacin, wadda ake kira P&T kafin a raba ta zuwa NIPOST da NITEL a 1985, takan ba wani mutum ɗaya amana, ɗan kasuwa mai kanti ko malamin En'e ko malamin makaranta, a ba shi hatimi da 'yan kan sarki da fasal oda da buhun wasiƙu, ya zauna a zaurenshi ko gefen kantinshi yana sayarwa ana biyanshi ɗan alawus. To ka ga abu ne da ke rataye ga mutum guda. Ranar da ya mutu, ko anka yi mai canjin wurin aiki, ko kuɗin hukuma sunka yi giɓi, ko ciniki ya yi ƙasa don kasuwar ta koma wani gari, sai a rufe a maida hatimin, shi ya sa wasu ba su wuce 'yan shekaru ba kuma ba gini ko ɗaya da sunka bari da za ka je ka nuna. Ana sanar da buɗewa da rufewa a gazet ta gwamnati da littafin jagorar gidajen waya na lokacin, sannan akwai Turawa masu tara kan sarki, ƙungiyar West Africa Study Circle, da sunka daɗe suna tattara hatimman ƙananan wurare na Najeriya, tura musu hoton ba asara ba ne.

Amma ni a ganina in ka bi ta gidan waya kaɗai za ka sha wahala, hanyar da ta fi ita ce haraji. Bature na iya manta ƙauye a komai amma ba ya manta shi a lissafin haraji da jangali. Bayan sun ci Sakkwato a watan Maris 1903 sun kasa lardin gunduma gunduma, kowace da ubanƙasa, ƙarƙashinshi hakimai da masu unguwa, kuma di'o-di'o sun riƙa zagayawa suna rubuta rahoton kimanta haraji, sunan kowane ƙauye da tungayenshi, magidanta nawa, shanu nawa, rijiyoyi, ranar kasuwa, wani lokaci har da 'yar taswira da anka zana da hannu. Waɗannan fayiloli suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, ka nemi na lardin Sakkwato, lambarsu na farawa da SOKPROF. Nan gida kuma ka fara da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, da sashen tarihi na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo inda ɗalibai sunka rubuta tarihin gundumomi da yawa daga bakin tsofaffi waɗanda yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Ka haɗa da jerin ƙauyuka na ƙidayar 1952 da ta 1963, in sunan ya fito a ta farko ya ɓace a ta biyu to ka kama lokacin. Ka lura da yadda sunka rubuta sunaye, Gwadabawa za ka gan ta Godabawa, Tambuwal kuma Tambawel, kuma lardin Sakkwato na da ya haɗa har Kebbi da anka cire 1991 da Zamfara da anka cire 1996, kar ka tsaya kan taswirar jiha ta yanzu.

Tungar wane da Gidan wane sun yi yawa a ƙasar nan ba iyaka, saboda haka kafin ka je Kaduna zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata, gwaggo da inna sun fi riƙe irin wanga. Kar ka tambaye su shekara, ba za su ba ka ba. Tambaye su wane ubanƙasa ake kai ma haraji, wace kasuwa suke ci kuma ran wace rana, tafiyar awa nawa ce a ƙasa ko kan jaki, wane gulbi ko fadama suke ɗibar ruwa, tashin ya zo kafin farin 1973 ne ko bayanshi. Amsa uku cikin waɗannan sun isa su matse maka wurin.

Dalilin tashin ma na nuna inda takarda take. Satiru da ke kudu da Sakkwato kaɗan, Turawa sunka ƙone ta ƙurmus a Maris 1906 bayan boren da anka yi, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu kuma ya la'anci wurin kan kar a sake zama, irin wannan labarinta cike yake a fayil. Ƙauyukan da madatsar Bakolori ta ci a ƙarshen shekarun 1970, da na Goronyo daga baya, sunansu na cikin takardun biyan diyya da na sake matsuguni. Mafi wuya su ne waɗanda sunka zare a hankali, rijiya ta ƙafe, annoba ta shigo, ko anka yi sabuwar hanyar mota nesa da su mutane sunka bi ta gida ɗaya ɗaya, waɗannan ba wanda ya rubuta ranar mutuwarsu.

In ka matse wurin, je ka gaida hakimin yankin da ɗan goronka ka nemi ya haɗa ka da manomi mai gona a kufan, don manoma sun san kufai sarai, gero ya fi yin kyau a nan saboda tsohon juji da toka. Je da rani bayan an kwashe amfani. Za ka ga kukoki sun taru wuri ɗaya a tsakiyar fili, ƙasa ta yi duhu ta ɗan tashi, tsingaro warwatse ko'ina, wani lokaci dutsin niƙa da ya lotsa a tsakiya, bakin rijiya da ya rufta, ramukan marina jere, kashin maƙera baƙi mai nauyi, da wani gefe da ba a taɓa sa garma ba, wannan ita ce maƙabarta, ka tsaya ka yi musu addu'a. A Google Earth ma tarin kukokin da duhun ƙasar na fitowa in ka duba hoton rani. Ɗauki lambar wurin da GPS na wayarka, ka naɗi muryar duk tsohon da ya yi maka bayani da izininshi, kar ka kwashe komai daga wurin. In kuma abin ya faɗo gabashin jiha wajen Isa ko Sabon Birni inda tsaro ya taɓarɓare, don Allah kar ka shiga daji saboda wannan, mutanen yankin da yawa suna nan cikin gari sun yi gudun hijira, cikinsu za ka samu tsofaffin da sunka san wurin, fara da su.