Tambaya da Amsa: Mai rewaya ya ce in sauya BCM, in saya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da a-kori-kura 'yar Amurka da na saya ta hannu, ina ɗauko albasa da ita daga Goronyo zuwa cikin garin Sakkwato. Tun da damina ta wuce ta fara wani hali: tirafiketa ta yi yau gobe ta ƙi, waifa ta tashi ba wanda ya taɓa ta, ƙofofi su kulle kansu da tsakar dare. In ta kwana biyu ba a tayar ba, batir ya mutu. Mai rewaya ya ce BCM ne ya lalace, in nemo wani. Kuɗin da aka faɗa min ba kaɗan ba ne. In saya? Daga wani mai mota a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a sana'a. Dakata tukuna. Alamomin da ka lissafa sun yi kama da na BCM, mai rewayarka bai faɗi shirme ba. Sai dai batir mai rauni, ko wayar at (wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota) da ta yi tsatsa, ko soket da ruwa ya shiga, kowannensu yana kawo irin waɗannan alamomi, kuma gyaransu bai kai kuɗin akwatin BCM ba ko kusa.

BCM ƙaramar kwamfuta ce, daban da wadda ke kula da inji. Aikinta gangar jikin mota: fitilu, tirafiketa, waifa, hon, gilasan ƙofa, makullai, a motoci da yawa har da tantance makullin da ke tayar da mota. A tsofaffin motoci, in ka murɗa makunnin fitila wuta ce ke bi ta cikinsa kai tsaye zuwa ƙwai. A motocin yanzu makunnin saƙo kawai yake aikawa, BCM ce ke sakin wutar. Kamar ɗan kamasho take a tasha: ba ta tuƙi, amma ba motar da ke lodi sai ta ce. Tana magana da sauran kwamfutocin motar ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Wannan ne ya sa matsala guda take iya rikita abubuwa biyar da ba su da alaƙa a ido.

A fara da batir, kuma da mita za a auna, ba da goga waya a ga tartsatsi ba. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kusan volt 12.6. In inji na aiki, altaneta ya ba da tsakanin 13.5 da 14.7. Zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana cin batir fiye da yadda mutane ke zato, kuma kwamfutar mota in wuta ta yi mata ƙasa sai ta shiga yin abubuwan da ba a sa ta ba. Daga nan a bi wayoyin at, wato waɗanda ke haɗa batir da sauran kayan wuta da ƙarfen jikin mota. A kwance kowace, a goge tsatsa har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tamau. Motar da ke bin hanyar ƙauye da lodi kullum cikin girgiza take, noti yakan saki.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne cewa bayan damina abin ya fara. A yawancin waɗannan motoci BCM tana ƙasan dashbod ne, kusa da ƙafar direba ko ta wanda ke gefensa. In robar gilashin gaba ta tsufa, ko ƙurar hunturu ta toshe magudanar da ke ƙarƙashin gilashin, ko bututun ruwan na'urar sanyi ya toshe, nan ruwan ke gangarawa. Ka sa a ɗaga kafet a taɓa sosan da ke ƙarƙashi. A cire soket ɗin BCM a haska da tocila: in an ga kore-kore ko fari-fari a kan ƙarafan, ruwa ya shiga. Kada kuma ka manta cewa cikin motocin gwanjo da ake kawowa daga Amurka akwai waɗanda ambaliya ta taɓa shanyewa. In ka ɗora sabon akwati ba ka toshe inda ruwan ke shiga ba, damina mai zuwa za ka sake saye.

Sai a jona wa motar kwamfutar binciken matsala. Wurin jonawa mai ramuka 16 yana ƙasan sitiyari, kuma dole ne ga duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996. 'Yar ƙaramar na'urar nan mai arha inji kawai take karantawa, don haka a nemi wadda ke shiga ɓangaren jikin mota. A cikin lambobin matsala da na'urar ke nunawa, waɗanda suka fara da B na jiki ne, masu farawa da U na sadarwa ne. U0140 na nufin sauran kwamfutoci sun daina jin BCM. Ko wannan lambar ba ta isa hukunci ba, domin akwatin da wuta ba ta isa gare shi ba shiru zai yi ko da lafiyarsa ƙalau. A cire batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14 na wurin jonawar, inda wayoyin CAN suke: a mafi yawan motoci mita za ta nuna kusan ohm 60. In ta nuna 120, hanyar ta yanke a wani wuri. In ta yi kusa da sifili, wayoyin biyu sun haɗe.

Mutuwar batir ita ma ana auna ta. A kashe komai, a bar motar kamar rabin awa har kwamfutocin su yi barci, sannan a duba abin da take ja. Kusan miliamp 50 ko ƙasa da haka daidai ne. In ya yi yawa, a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ɓarawon wutar rediyo ne da aka ƙara, ko na'urar bibiyar mota da aka jona ba bisa ƙa'ida ba.

In wuta na isa, at lafiya, soket a bushe, saƙon makunni na shiga amma BCM ba ta sakin wuta, to a nan ne zan ce maka ka saya, Alhaji, kuma da zuciya ɗaya.

Tambaya: Malam, ni yaron gareji ne ina koyon rewaya. In aka kawo BCM ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Ladipo, cirewa da sawa ne kawai?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba ka sa'ar koyo. Kwancewar ba ta da wuya, abin da ke biyo baya ne aikin. Lambar da ke jikin tsohon akwati ita za ka bi, harafi da harafi, domin akwati biyu na iya zama iri ɗaya a ido alhali an yi su don motoci masu kaya daban. Kafin ka taɓa komai, in tsohon yana iya magana da kwamfuta, kwafe bayanansa ka ajiye. Ɗauki hoton soket-soket da wayarka. Cire kan batir na nagetif, ka ɗan jira, sannan ka zare soket ta hanyar sakin makullinsa, kada ka fizgi waya.

Bayan an ɗora, sai an koya wa akwatin motar da ya shiga: lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, irin kayan da ke cikinta, da makullanta. Masu Toyota na amfani da manhajar Techstream, masu Ford da IDS ko FORScan, su Chevrolet da GMC kuma da tsarin SPS na kamfanin. In ba a yi haka ba, a motoci da dama inji ba zai tashi ba, domin akwatin bai san makullin ba. Wasu na hannu kuma a kulle suke da motarsu ta farko, sai ƙwararre ya kwafe ƙwaƙwalwar tsohon zuwa cikinsu. Saboda haka ka gaya wa mai mota ya zo da duk makullansa, ku yi yarjejeniya da mai kaya cewa za a mayar in bai karɓa ba, kuma kada a jefar da tsohon. Lokacin da ake loda bayanai a jona caja mai riƙe wuta daidai. In batir ya faɗi a tsakiyar aikin, akwatin na iya mutuwa gaba ɗaya.

Ina roƙonka abu biyu, domin su ne suka fi kashe akwatunan nan a garejinmu. Kada ka naɗa waya a madadin fiyus da ya ƙone. Kada kuma ka jona ƙarin fitilu ko hon mai iska kai tsaye a wayar da ta fito daga BCM. 'Yan ƙananan makunnai na lantarki ne a ciki, an auna su da nauyin ƙwan da kamfani ya sa. Ka ja wuta daga batir da fiyus ɗinta da rile ɗinta (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba), wayar BCM ta zama mai kunna rilen kawai.

Tambaya: Ranka ya daɗe, tirela nake ja, ina ɗaukar siminti daga Kalambaina. An yi min walda a bodi, tun ranar fitilun baya da dashbod suka rikice. Mu ma muna da BCM?

Amsa: Kuna da shi, Direba, sunan ne ya bambanta. A MAN ana ce masa ZBR, a DAF akwai VIC, a Actros kuma an raba aikin tsakanin akwatuna da yawa, na gaba da na baya da na cikin kai. Waɗannan motocin Turai volt 24 suke amfani da shi, batir biyu a jere, kuma in ɗaya ya raunana duk tsarin ke jin jiki. Na'urar ƙananan motoci ba za ta karanta su ba, sai ta manyan motoci.

Walda na iya ƙona akwati in ba a cire batir ba, ko in aka maƙala at na injin walda nesa da wurin aiki har wutar ta ratsa ta wayoyin mota. Amma kafin a kai ga akwati, a bi damin wayoyin da ya ratsa kusa da inda aka yi waldar, mai yiwuwa zafi ne ya narka robarsu suka haɗe da ƙarfe. A zare kebul ɗin da ke haɗa kai da bodi a gani: in dashbod ya dawo daidai, matsalar tana baya, a wayoyin bodi ko a soket ɗin kebul ɗin.