Tsohuwar Winchester 94 tana cije harsashi: daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma na sayi tsohuwar bindigar farauta, Winchester 1894 mai cin harsashin .30-30, ƙirar kafin 1964. Tana harbi lafiya idan na sa harsashi ɗaya da hannu. Amma da na cika ta, na ja liba (hannun ƙarfen da ake ja ƙasa don ɗora harsashi), sai harsashi na biyu ya shige ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗaga na farko, liba ta cije. Wani ya ce in goge ƙarfen da zarto. Ko in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ajiye zarton nan tukuna. Ƙarfen da ka goge ba ya dawowa, kuma alamar da ka bayyana ta ƙarfen da ya riga ya cinye ce.

Ga yadda John Browning ya tsara ta. Harsasai suna jere a bututun da ke ƙarƙashin hancin bindiga, sifirin yana turo su baya. Idan ka ja liba ƙasa, wani faffaɗan ƙarfe da ke rufe cikin bindigar daga ƙasa yana sauka tare da ita, harsashi ɗaya ya hau maɗauki, wato ƙarfen da ke ɗaga shi sama. A goshin wannan faffaɗan ƙarfe akwai ɗan haƙori, shi ne mai tare harsashi na gaba a bakin bututu. Shekara sittin ko fiye gindin harsashi yana dukansa, dole kansa ya lallashe. Da ya lallashe, na biyu zai tsallake shi ya kwanta ƙarƙashin maɗauki, shi ke nan komai ya tsaya. Abin da nake zargi ke nan a taka.

Kafin komai, fitar da duk harsashi mai rai daga ɗakin da kake aiki. Idan akwai wanda ya maƙale yanzu, kada ka matsa liba da ƙarfi, kada ka zungure shi da sukudireba. Juya bakin bindiga inda babu kowa, kwance sukurun murfin da ke ƙarshen bututu, ka tare murfin da yatsa domin sifirin zai yi tsalle, sannan ka zazzage harsasan ta gaba. Gwaji kuwa da harsasan bogi ake yi, marasa albarushi, ana sayar da su a shagunan kayan farauta.

Tunda ka buɗe bututun, duba cikinsa. Tsohon mai yana daskarewa ya yi danƙo, tsatsa ta haɗu da shi. Wanke shi tas, ka duba ko ya loɓa, ka tabbata ɗan ƙarfen da ke kan sifirin yana zamewa ba tangarɗa. Sifirin da ya mutu ka sauya shi, ba tsada. Ka ɗaure sukurun ƙofar da ake cusa harsashi ta gefen dama, da na ƙarafa biyu da ke yi wa harsashi jagora a ciki. Idan suka yi sako-sako su ma suna hana ci. Ka nemi sukudireba da bakinsa ya cika tsagar sukurun daidai. Raina yana ɓaci idan na ga tsohuwar bindiga mai kyau an yayyage mata kawunan sukuru.

Sai ka zuba harsasan bogi uku, ka ja liba a hankali kana leƙawa ta sama da tocila. Ka lura ko haƙorin yana tasowa ya tare gindin na biyu. Idan kansa ya yi sulɓi ya zagaye, harsashi yana hawa ta kai, ka sami mai laifi. Gyaransa biyu ne: a sauya faffaɗan ƙarfen da na zamaninsa, domin kayan bayan 1964 ba duka ke shiga na kafin nan ba, ko kuma ƙwararren mai gyaran bindiga ya ƙara wa haƙorin ƙarfe da walda ya daidaita tsayinsa. Wannan na biyun kada ka yi shi a gida. Idan haƙorin ya yi tsawo fiye da ƙima, ko harsashi na farko ba zai fito ba. Tunda za ta je hannunsa, ya auna maka ratar da ke tsakanin gindin harsashi da ƙarfen da ke kulle shi daga baya kafin ka ci gaba da harbi da ita.

Harsashin ma ka duba shi. Tsawon .30-30 bai kamata ya wuce inci 2.55 ba, kuma mai faffaɗan kai ko mai kai a dunƙule ake zubawa a bututu. Mai tsinin ƙarfe haɗari ne, domin tsininsa yana kan idon da ke kunna albarushi a gindin harsashin da ke gabansa, girgizar harbi na iya tayar da shi. Liba kuma tana son a ja ta har ƙarshe da kuzari. Jan rabi-rabi yana cije lafiyayyar bindiga ma.

Launin ƙarfenta da katakonta ka bar su yadda suke, shafa mai kaɗan ya isa. Masu tara irin waɗannan bindigogi sun fi daraja ƙirar kafin 1964 da ba a sake mata fenti ba, kuma masana'antar birnin New Haven da ta ƙera ta an rufe ta tun 2006.